Yadda ake zaga birnin Kano a kan keke bayan ka ƙare doguwar tafiya

Duk wanda yake yawon keke gari zuwa gari ya san wannan halin. Ka yi kwana uku ko huɗu kana taka feda, ka taso daga Katsina ka biyo Daura, Kazaure, Dambatta, ka shigo Kano ta Dawanau gwiwa ta yi laushi, sai kawai ka nufi tasha ka ɗaura keken a mota ka koma gida. Ni ma a zuwana na farko haka na yi, Kanon da na sha wuya na zo ban ga komai nata ba sai ƙurar Kurna da hayaƙin adaidaita sahu. Daga baya ne na koyi ware kwana ɗaya cur na zaga gari, kuma tun daga lokacin duk tafiyar da ta ƙare a Kano sai na yi hakan.

Abin da nake so ka fara sakawa a ranka ɗan'uwa shi ne tuƙin cikin birni ba irin na babbar hanya ba ne sam. A hanya cinya ce take aiki, a cikin badala kuwa birki ne da ido da haƙuri, kuma wallahi kusan rabin yinin tura keken za ka yi da hannu. In ka zo da zuciyar ƙirga kilomita za ka ji haushi, don gaba ɗaya zagayen da zan faɗa maka a lissafina bai fi kilomita 25 ba amma sai ya cinye maka yini guda.

Kayan da za ka riƙe

Kaɗan ne, ƙaramar jaka ɗaya ta ishe ka. Sarƙa da kwaɗo na ɗaure keke, in ba ka da irin makullin kanti ka sayi sarƙa kamu biyu ka zura ta cikin tsohon tub don kar ta kankare maka fenti. Famfo ƙarami, tub guda ɗaya sabo, faci da sholisho. Sifana mai lamba 15 saboda notin taya da feda, da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen kwance noti mai rami a ka, in kekenka mai giya ne. Ƙararrawa mai aiki, wannan kam dole ce, a lungu ita ce bakinka. Hular kwano. Gorar ruwa biyu. Takunkumi ko rawani in lokacin hunturu ne. Canji ƙanana a aljihun gaba, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, don mai faci da mai gadin keke ba za su tsaya jiran taransifa ba. Katin shaida. Takalmi wanda za ka iya tafiya da shi ka kuma cire shi da sauri a ƙofar masallaci, ka bar takalmin tsere mai ƙarfe a ƙasa a masauki, zamewa za ka yi ta yi a matakalar Dala.

Sai maganar sutura. Wandon nan mai ɗame jiki da muke sawa a hanya, ka ɗora masa dogon wando mai sauƙi a kai, ka soke ƙafar dama cikin safa ko ka ɗaure da roba saboda cen. Cikin gari unguwannin malamai ne da dattawa, mutum ya shigo musu da gajeren wando ya ɗame ba wanda zai ce masa komai amma ba zai samu fuska ba, kai kuma fuska kake nema.

1. Ka iso da rana tsaka ko la'asar, ka sauke kaya

Kar ka shigo Kano da magariba a kan keke mai kaya. Daga Bachirawa zuwa Rijiyar Lemo zuwa Kurna cunkoso ne na gaske, tirela da adaidaita da masu tura baro duk a titi ɗaya, ga ka a gajiye, ga jakunkuna sun faɗaɗa maka keke. Ka lissafa zangonka na ƙarshe yadda za ka shigo da sauran rana. In ta hanyar Zariya ka taho, ta Kura da Na'ibawa da Unguwa Uku, nan ma haka ne.

Kana samun masauki ka kwance komai, jakunkuna, tabarma, tukunya, duk ka bar su a ɗaki. Tun kafin ka biya kuɗi ka tambaya ko za a bar ka ka shigar da keke ɗaki. Akwai wani masauki da na taɓa sauka suka ce a bar shi a tsakar gida ai da maigadi, da safe na tarar da keken lafiya lau amma fitila da famfo sun yi ƙafa, maigadin kuma ya rantse bai ga kowa ba. In suka ƙi, ka cire duk abin da hannu zai iya cirewa, har sirdi in mai saurin kwancewa ne. In kana da ɗan'uwa ko aboki a gari ya fi, zaure ko shagonsa ya fi kowane makulli.

2. Ka duba keken a daren, kar ka bari sai safiya

Keken da ya yi kwanaki a hanya birkinsa ya cinye, kuma a hanya ba ka lura saboda ba ka cika taka shi ba. A gari kuwa duk minti ɗaya sai ka matse. Ka duba robar birki, in ta sude har layukan jikinta sun ɓace ka canza, ka ɗan ja wayar ta yi tauri. Ka goge cen da tsumma ka ɗiga mai kaɗan, man keken ɗinki ma ya yi in babu na asali, amma baƙin mai na inji kar ka yarda a lafta maka, ƙura yake kamawa ya zama kamar kwaɓaɓɓen yashi. Ka bi taya da yatsa ka cire ƙaya da gutsuren kwalba. Tunda ka sauke nauyi ka ɗan rage iskar taya kaɗan, za ka ji daɗin lungu mai gargada. Ni har sirdi nake saukewa kamar faɗin yatsa biyu don ƙafata ta riƙa taɓa ƙasa da wuri.

In wani abu ya fi ƙarfinka masu gyaran keke suna nan birjik a kusan kowace unguwa, sai dai mai kekuna masu giya ya tsaya a kansu, wasu sun saba da irin keken da ne mai kariya, guduma ce maganin komai a wurinsu.

3. Ka zaɓi rana, ka tsara yinin da lokutan salla

Ranar Juma'a daga hantsi hanyoyin da suke kewaye da babban masallacin cikin gari cika suke yi, ba wurin wucewa da keke. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma akwai tsaftar muhalli, ana hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, ka ga mafi daɗin lokacinka ya tafi ke nan. Kwanakin hawan salla kuwa ka ajiye keken ka tafi da ƙafa, doki da keke ba sa haɗa hanya. In da zaɓi ni na fi son Lahadi ko Talata.

Yadda nake raba yinin: bayan asuba zuwa hantsi Dala, hantsi zuwa azahar Kurmi da fada, azahar zuwa la'asar a zauna a inuwa, bayan la'asar a bi ganuwa. A bazara, watan Maris zuwa Mayu, zafin rana yana haura digiri 40, zaman tsakar ranar nan dole ne. A damina kuma ka rage shiga ƙananan lunguna, ruwan kwata yana haɗewa da na sama ba ka sanin inda rami yake.

4. Dala da sassafe

Ka fara da Dala domin daga sama za ka ga taswirar garin da idonka, sauran yinin sai ya zo maka da sauƙi. In ta Katsina Road kake, ka shigo ta Ƙofar Ruwa ko Ƙofar Mazugal, dutsen ma kana hango shi, ka riƙa tambaya kawai ana nuna maka.

Keke ba ya hawa Dala, matakala ce. Nan ne mutane suke kuskure, su ɗaure shi a jikin wani ƙarfe su haye. Ka nemi mai shayi ko mai kanti a gindin dutsen, ka yi sallama ku gaisa sosai, ka sayi shayi da biredi ka zauna ka sha, sannan ka ce Malam don Allah ga amanar keke zan hau in sauko. Ka ɗaure shi a gabansa duk da haka, sarƙar ta ratsa firam da tayar baya. Yara za su taso su ce za su yi maka gadi, ka yi musu wasa ka ba su alawa, amma amana wurin babba mai wurin zama ake barinta. In ku biyu ne ku hau bi da bi. In ka samu ɗan unguwa ya raka ka sama ya fi, kuma waya ka fito da ita ka ɗau hoto ka mayar aljihu, maganar masu ƙwacen waya a Kano ba ƙarya ba ce.

A sama ka tsaya ka nutsu. Ga Gwauron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin gidaje sun haɗe kamar an shimfiɗa tabarma, hayaƙin masu ƙosai yana tashi daga lunguna, kana jiyo karatun almajirai daga ƙasa. Nan ne mazaunin Barbushe mai bautar Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda, wato daga gindin dutsen nan garin ya faro. Ka sa ido ka gane inda masallacin yake, shi ne alƙiblar tafiyarka ta gaba. In hunturu ya yi hazo ba za ka ga nesa ba, sai ka jinkirta hawan zuwa ƙarfe 9.

Kana saukowa, in kana da sha'awar tarihin siyasa Gwammaja na nan kusa, gidan Mambayya inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, yanzu cibiya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Minti kaɗan ne a keke.

5. Lunguna zuwa Kurmi

Wannan shi ne wurin da keke ya fi mota ya fi adaidaita, kuma nan ne sabon shiga yake jin kunya. Ka sa giya mai sauƙi, yatsu biyu a kan birki kullum, ka riƙa tafiya kamar saurin mai sassarfa. Duk kwana ka kaɗa ƙararrawa kafin ka sha ta, don ba ka san me ke bayanta ba, yaro ne da tallan awara, akuya ce, ko mai ruwa da kurarsa cike da jarkoki wanda ba shi da birki sai ƙafarsa. Shi kam kai za ka kauce masa.

In ka tarar da dattawa zaune a dakali ko an shimfiɗa tabarmar zaman makoki ko ɗaurin aure, sauka za ka yi ka tura, ka yi sallama ka wuce. Haka makarantar allo da ta fito bakin hanya. Na taɓa ganin wani abokin tafiyarmu ya ratsa ta gaban majalisa a guje yana kaɗa ƙararrawa, wani tsoho ya ce masa yaro lafiya, gobara ake yi? Har muka bar Kano ana tsokanarsa da gobara.

Google Maps a nan rabi da rabi ne, wani lungun da zai nuna maka ya ɓulle sai ka tarar da katangar gida. Baki ya fi shi. Amma kar ka ce ina ne kudu, ka ambaci sunan wuri, ina hanyar Kurmi, ina hanyar Jakara, ina Mandawari. Kuma in za ka duba waya ka tsaya ka jingina da bango tukunna, kar ka maƙala ta a kan keke kowa yana gani.

Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma layukanta na mutum da jaki ne, ba na keke ba. Kar ma ka gwada shiga da shi ko a ture, feda za ta riƙa kamo kayan mutane kana ba da haƙuri har ka gaji. Ka yi irin dabarar Dala, ka bar shi wurin mai shago a bakin kasuwa. Ciki ka nemi layin dukawa masu jakunkuna da takalman fata, da masu kayan doki, sirdi da linzami da jalala, da masu huluna da turare. Ka tuna duk abin da ka saya a bayanka zai kwana har yamma, saboda haka tsarabar mai nauyi ka biya ka bar ta a shagon ka dawo ɗauka. Kafin ka bar yankin ka ci gurasa, ta wajen Jakara ta yi suna, a yi maka bandashe da ƙuli da mai da albasa, ta riƙe ka har la'asar.

6. Masallaci, fada, Gidan Makama, Ƙofar Mata

Daga Kurmi ka miƙe zuwa babban masallaci, ginin da ake gani yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. Gidan Rumfa, wato fadar sarki, yana jikinsa. Ka zagayo ta Ƙofar Kudu ka tsaya daga waje ka kalla, in kana son hoto ka tambayi dogarai ko jami'an tsaron da ke wurin, in suka ce a'a ka ce na gode ka wuce, kuma kar ka jingina keke a jikin katangar fada.

Gidan Makama yana nan dab, shi ne gidan tarihi, ana biyan kuɗin shiga kaɗan kuma akwai inda za ka ajiye keke a cikin harabar, a duk yinin nan ne hankalina yake fi kwanciya da shi. Ka ba shi awa guda. Ka kalli tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan Kano na da, zai taimake ka da yamma in ka je ka ga abin da ya rage na ganuwar. Ka ɗaga kai ka kalli ɗaurin gugar rufin sorayen, ga sanyi kamar an kunna iyakwandishan alhali ƙasa ce da azara.

Daga nan ka bi titin da ya wuce ta asibitin Murtala zuwa Ƙofar Mata, marinar tana nan a bakin ƙofar, an rubuta 1498 a mashigarta. Za ka ga ramukan karofi a jere, da yawa sun bushe, kaɗan ne ake aiki a cikinsu. Baba, wato tsiron da ake rini da shi, da toka da kanwa ake haɗawa a bar su su yi kwanaki su nuna, marini ya tsoma zane ya ɗago ya bar iska ta buge shi, kana kallo yana juyewa daga kore-kore zuwa shuɗi, ya sake tsomawa. A gefe kuma masu bugu suna dukan yadi a kan gungume har ya yi sheƙi. Ka ja kekenka nesa da bakin rami, kuma in ka ɗau hoto ka ba da wani abu ko ka sayi ɗan ƙyalle, sana'arsu ce ba wasan kallo ba.

Titin Ƙofar Mata zuwa 'Yan Kura da Kantin Kwari kuwa ni ba na ba baƙo shawarar ya shiga da keke da rana. Tunda aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 adaidaita sahu ta cika garin, kuma ɗan adaidaita yana ganin fasinja zai yanko gabanka ya tsaya cak ba sigina. Ƙa'idar da nake bi ita ce kar ka taɓa bin ta damansa, tsakaninsa da bakin titi, nan ne yake faɗowa. Ka bar tazarar keke biyu a bayansa.

7. Ganuwa bayan la'asar

Ka yi azahar ka samu inuwa ka sha fura ka miƙe ƙafa. Cinyar da ta yi kwanaki tana aiki a wannan zaman ne za ta fara yi maka magana, ka sha ruwa sosai ka ɗan mimmiƙe kafin ka sake hawa.

Rana na yin sanyi ka fito ta Ƙofar Nassarawa ka kama titin BUK, wato na Jami'ar Bayero, ka yi yamma. Za ka bi ƙofofi a jere, Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, har Kabuga, ta wajen da sojojin Turawa suka shigo garin a 1903. Sarki Gijimasu jikan Bagauda ne ya fara ginin ganuwar, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Gaskiya ka shirya ranka zai ɓaci, wurare da yawa ta zama tudun ƙasa, wani wurin an yanka an yi gini, yawancin ƙofofin kuma an sake su da siminti saboda faɗaɗa titi. Duk da haka akwai inda za ka tsaya ka ga kaurinta ka yi mamakin hannun da ya tara wannan ƙasa.

Gargaɗi ɗaya a wannan titin: gadar sama da gadar ƙasa ba naka ba ne. A Ƙofar Nassarawa da Gadon Ƙaya da Kabuga ka bi hannun gefe tare da masu juyawa, ko da zai sa ka sauka ka tura ka tsallaka. Cikin gadar ƙasa mota a guje take shigowa kuma direba ba ya tsammanin keke. A shataletale ma in ka ga abin ya rikice ka sauka, ba wanda ya san ka balle ya yi maka dariya.

In ƙarfinka ya ƙare a Na'isa ka juya, ba dole sai ka kai Kabuga ba. In kuma da saura, daga can ka shiga ta Tal'udu ka bi Aminu Kano Way ta gindin Gwauron Dutse ka koma inda ka faro da safe. Wanda ya fi son wuri mai shiru zai iya musanya wannan matakin da unguwar Nassarawa, ya je Gidan Ɗan Hausa, gidan Hanns Vischer Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, titunan can da bishiyoyi kuma ba cunkoso, sai dai ka je kafin a tashi daga aiki. Ko wanne ka zaɓa, kiran magariba ya same ka a masauki.

8. Mayar da keke gida

Da safe ka je tasha da wuri, masu komawa Katsina da Daura su nufi Ƙofar Ruwa, masu hanyar Zariya su nufi Unguwa Uku. Ka yi cinikin kuɗin keke da ɗan kamasho kafin a ɗora shi, in an riga an ɗaure farashi ya tashi. Ka cire tayar gaba da fedoji, ka tuna fedar hagu a juye take kwancewa, mutane da yawa sun lalata zare a nan suna ta matsewa suna zaton kwancewa suke. Ka juya kan keken ya kwanta a jikin firam, ɓangaren cen da giya ya kalli sama, ka sa kwali tsakaninsa da ƙarfen mota. Ka tsaya a wurin har a gama ɗaurin, don in ka juya baya za ka dawo ka tarar an ɗora masa buhun masara a kan wil. Notin taya da fedojin kuma ka zuba su a leda ka sa a aljihunka, kar su shiga but.